Sabon injin huda yana tartsatsi da wari: in riƙe ko in mayar?

"Maigida, barka da aiki. Ni matashi ne mai haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe a Garin Malam. Ranar Asabar na sayi sabon injin huda mai igiyar kuran, wato lantarki, a wata kinkayeri, kantin kayan ƙarfe, kusa da Kasuwar Dole, jikka 28 na sefa. Mai kanti ya jona shi a gabana, na ga ya juya, na biya na tafi. Jiya na je kafa taga a wani gida, sai na ga wuta tana tartsatsi ta ƴan ramukan iska na bayansa, yana wani wari kamar na ƙuna, bakin hudar kuma kamar yana rawa. Rami shida kawai na yi a bango ya ɗauki zafi. Ban karɓi takarda ba, da baki ya ce mini akwai garanti. Wani abokina ya ce in kwance shi a sake masa sharbo, wato ƴan gawayin cikinsa, wani ya ce haka kowane sabo yake yi. Yau kwana uku ke nan. Shin lalatacce aka sayar mini? In haka ne, yaya zan yi ya karɓi kayansa?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'a. Tambaya biyu ka ƙunsa wuri guda: ko injin yana da aibi, da kuma yadda za a mayar da shi in yana da shi. Kafin mu shiga ko ɗaya, ga abin da nake so ka riƙe tun daga yau: kada ka buɗe cikinsa, kada ka bari wani ya buɗe, kuma ka dakatar da aiki da shi. Abokinka mai shawarar sake sharbo nufinsa alheri ne, amma da zarar an kwance shi an ɗaure, ka sayi injin karo na biyu. Mai kanti zai duba ya ga alamar hannu a jikinsa, ya ce kai ka taɓa, kuma ba ka da bakin musu.

Na shafe fiye da shekara ashirin ina gyaran injinan hannu da naɗin waya a nan Damagaram. Sababbin injinan da ake kawo mini da kukan "ya lalace", da yawansu lafiyarsu ƙalau, matsalar tana ga kuran, ko baki, ko hannun mai aiki. Amma akwai na gaske, waɗanda tun daga masana'anta suka fito da ciwonsu. Injinka bai zo hannuna ba, ban ji kukansa ba, ban shinshina shi ba, don haka ba zan yanke masa hukunci daga nan ba. Abin da zan iya shi ne in ba ka hanyar da za ka rarrabe da kanka cikin rabin awa.

Tartsatsi da wari

Mu fara da wutar da ka gani, don ita ta fi tsorata mutane. A cikin irin wannan injin akwai zuciyarsa, dunƙulen ƙarfe mai naɗin waya wanda ke juyawa fiye da sau 20,000 a minti guda, sannan haƙoran giya su rage gudun kafin ya iso kan da ke riƙe baki. A ƙarshen zuciyar akwai zobe na ƴan sassan jan ƙarfe a jere, kuma a kansa ne ƴan gawayi biyu, wato sharbo, suke gogawa don su shigar da kuran. Duk inda gawayi ke gogar jan ƙarfe da irin wannan gudu, kuran yana ratsawa, dole a ga ɗan tartsatsi. Ba aibi ba ne, haka aka halicce shi. Sabo ma ya fi yi, domin fuskar sharbon ba ta gama zama daidai da zoben ba, sai ta ɗan ci kanta tukuna.

Abin lura shi ne irin tartsatsin. Ka shiga da shi ɗaki mai ɗan duhu, ba baki a kansa, ka kunna ka leƙa ta ramukan iska. In ka ga ƴan ɗigo-ɗigon wuta shuɗi a daidai inda sharbon ke taɓa zoben, ƙanana, ba sa wuce wurin, kuma ƙarar injin a miƙe take, to kwantar da hankalinka. In kuwa wutar ta yi ja ko rawaya, tana da dogayen harsuna, tana bin zoben tana kewaye shi kamar awarwaro, injin yana tari, gudunsa yana hawa yana sauka, to wannan ciwon zuciya ne: ko naɗin ya haɗe a wani wuri, ko wata waya ta tsinke, ko ɗaya daga sassan zoben ya ɗago. Sabon sharbo ba ya maganin wannan. Za ka sa masa ya cinye shi cikin ƴan kwanaki, ka dawo inda kake.

Wari ma iri biyu ne, kuma hanci yana rarrabe su in an saba. Sabon injin yana fitar da warin fenti da giris da man da ake shafa wa naɗin waya, haɗe da wani ɗan kaifi-kaifi da tartsatsin ke haifarwa. Wannan yana raguwa kullum. Na biyun shi ne warin ƙonanniyar roba mai ɗaci, mai kama maƙogwaro, wanda ke nan daram ko bayan injin ya huce. Ka sa hanci a ramukan iska da safe kafin ka kunna. In yana nan da ɗacinsa a sanyi, naɗin ya riga ya dahu. In ka taɓa ganin hayaƙi, ko ɗan kaɗan ne, magana ta ƙare, ba sai an yi wani gwaji ba.

Rawar baki

Nan ne aka fi ɗora wa injin laifin da ba nasa ba. Cire bakin hudar, ka mirgina shi a kan gilashi ko tayil mai santsi. In yana ɗingishi, bakin ne a lanƙwashe, kuma bakunan da ake zubawa kyauta cikin kwali galibi haka suke. Nemo wani sabo miƙaƙƙe, gajere, kamar na milimita 8. Ka tura shi ya zauna tsakiyar haƙora ukun nan, ba tsakanin biyu ba, sannan ka ɗaure da makulli a ramuka uku duka, ba rami guda ba kamar yadda yaran shago ke yi don sauri. Sai ka kwantar da injin a kan teburi, wani ya danne maka shi, ka juya shi a hankali, ka matso da alli har ya soma taɓa jikin bakin kamar yatsa biyu daga inda aka riƙe shi. In allin ya zana zobe ya kewaye, ko ya kusan kewayewa, lafiya lau. In gefe guda kawai yake shafa, kana ganin rata da idonka, sai ka kwance bakin ka ɗan juya shi ka sake ɗaurewa. Alamar ta bi bakin ta koma wani gefe? To bakin ne. Ta tsaya a gefenta na farko na kan injin? To kan ne, ko sandar da yake zaune a kanta.

Injin hannu ba ya rasa ƴar rawa kamar kaurin takarda, ba injin huda na teburi ba ne. A ma'aunina, in rawar ta kai milimita guda a wannan wurin, ba na karɓarta daga sabon kaya, musamman ga mai aikin ƙarfe irinka, don za ta riƙa karya maka ƙananan bakuna tana faɗaɗa rami. Sai dai kada ka ruɗe da motsin ciki da waje: injin da ke da duka, wato mai alamar guduma, kansa yana ɗan shiga yana fita in ka tura shi da hannu, da gangan aka yi shi haka. Motsin gefe da gefe, mai ƙwas-ƙwas, shi ne ke nuna rulma, wato zoben da sandar ke juyawa a cikinsa, ta yi sako-sako.

Zafi bayan rami shida

Wannan ita ce alamar da ta fi ba ni shakka a kan laifin injin, don ban san irin bangon da ka tarar ba. Kafa taga yakan kai mutum ga kankaren saman taga ko na ginshiƙi, mai tsakuwar dutse da rodi a ciki, kuma tsakuwar garin nan kowa ya san taurinta. Injin jikka 28 mai ƙarfin wat 600 ko 700, dukansa na wasu faranti biyu ne masu haƙora da ke gogar juna. Ya isa bulo da filasta, amma kankare na gaske aikin babban injin nan ne da ake kira SDS, mai fistin a ciki. In ka sa ƙarami aikin babba, kana dannawa da ƙirji, gudunsa zai ragu. Ga inda matsalar take: fankar da ke sanyaya shi a jikin zuciyar take, don haka daidai lokacin da ya fi shan kuran ya fi zafi, a lokacin ne iskarsa ta fi ƙaranci. Shi ya sa nake gaya wa yarana, in injin ya yi zafi kada a ajiye shi nan take, a cire shi daga rami a bar shi ya yi gudu a banza minti guda ya hura kansa.

Sai ka tambayi kanka wasu abubuwa. Bakin bango ka sa, mai ɗan faffaɗan kai, ko na ƙarfe da ka saba da shi a shago? Maɓallin yana kan guduma? Ɗan makunnin gaba da baya fa? Kada ka yi dariya. Wani kafinta, dattijo mai furfura, ya taɓa zuwa mini rai a ɓace, wai an cuce shi, injin ba ya cin katako sai hayaƙi. Da na duba, jikansa ne ya tura makunnin ya koma baya. Muka sha shayi ya tafi.

Sannan kuran. Na kamfanin wuta Nigelec ana lissafa shi a volt 220, amma mu da ke aiki da mita mun san yadda yake faɗuwa, musamman da yamma lokacin bazara in kowa ya kunna fanka da firji, ko a unguwannin da ke ƙarshen layi. A shagonka ma, in na'urar walda tana ci a layi guda, duk lokacin da aka ɗosa wuta sai ƙarfin ya nutse. Ƙara da doguwar ralonji, wato igiyar ƙarin tsawo, siririya, wadda aka yi don fitila da cajin salula, an ja ta mita talatin ko an bar ta a naɗe. Kuran mai rauni yana kashe wa injin gudu, kai kuma ka ƙara dannawa don ka rama, sai zafi ya biyo baya. Ralonjin aiki kada kaurin wayarta ya gaza milimita murabba'i 1.5, in doguwa ce a nemi 2.5. Ƙaramin gurup, wato janareta, da ba ya riƙe ƙarfinsa shi ma yana sa injin tartsatsi da tari. Ka kuma duba ƴar takardar da ke manne a jikinsa: ya kamata ka ga 220 zuwa 240 V da 50 Hz. Kayan da aka yi don Amurka 120 V ne, in ya shiga kuran namu sai ya yi kururuwa ya ƙone cikin ƙanƙanin lokaci.

Gwajin gobe da safe

Da sassafe, kuran yana da ƙarfi gari bai yi zafi ba, ka jona shi kai tsaye a bango ba ralonji. Ka shinshina tukuna. Ka kunna shi ba baki, a kan juyi kawai ba guduma, ya yi minti uku zuwa biyar. Ka danna makunnin a hankali ka ji ko gudun yana hawa sannu-sannu ko yana tsalle yana yankewa. Ka gwada gaba da baya. Ka ɗan motsa igiyar a inda ta shiga mariƙi, ka ji ko zai ɗauke. Ka saurari gaban injin: ƙarar giya a miƙe take, ba kamar ana niƙa tsakuwa ba. Bayan minti biyar ya kamata ya yi ɗumi kawai, wanda tafin hannu ke zama a kansa ba damuwa. Injin da ya yi zafin da ba ya taɓuwa alhali ba ya aikin komai, ba shi da lafiya. Daga nan ka yi rami biyu ko uku a guntun katako, da guda a guntun ƙarfe da gudu kaɗan da ɗigon mai. Iyakar gwajin ke nan, kada ka wuce haka. Ka sa wani ya ɗauki bidiyon komai da salula, har da tartsatsin a duhu da zanen allin.

Abu guda ba ya jiran gwaji: in ya taɓa jan ka, ko ɗan tsikari ne a kan ƙarfen gaba, ka cire shi daga kuran kada ka ƙara jonawa. Waɗannan injinan an yi musu rufi biyu tsakanin kuran da hannunka, alamarsa ƴar murabba'i cikin wata murabba'i a jikin takardar. Kai kuma aikinka a jikin ƙarfe yake, wani lokaci a kan tsani, hannu da gumi.

Tunda kana dubawa, ka duba ko ma sabon ne. Ƙura ko garin siminti a cikin ramukan iska kafin ka fara aiki, ƙarce a haƙoran kai, kawunan kusoshin jikinsa da suka ci, lambar jikin injin da ta saɓa da ta kwali, duk suna nuna wani ya riga ka. Batun jabu kuwa, sunayen da suka yi fice irin su Bosch da Makita su aka fi kwaikwaya, kuma farashi ne ke fara tona asiri: wanda aka ba shi babban suna a kuɗin ƙarami ya san abin da ya saya. Na jabu sau da yawa ba shi da nauyi, rubutunsa a dagule, naɗinsa kuma na alminiyam ne da aka yi wa wankan jan ƙarfe. In mai kanti ya ce maka na asali ne ya fito jabu, wannan kaɗai hujja ce ta mayarwa, ko da yana juyawa.

Ga masu karanta wannan da ke da mai batir, a taƙaice: wani walƙiya da ake gani in an saki makunni birkinsa ne, ƙarar tar-tar-tar kuwa zoben lambobin nan ne ke sakewa, a juya shi zuwa alamar baki. Batirin da ya sha rana ba ya karɓar caji sai ya huce. Lambobin 48 V ko 88 V da ake rubutawa a ƙananan batura talla ce kawai. Mai ƙwaya biyar 18 V ne, shi ne kuma wasu ke rubuta wa 20 V.

Mayarwa

A ce gwaji ya nuna aibi. Kana da gaskiya ta fuska biyu. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da ke ciki tun kafin ciniki, wanda bai gani ba kuma ba a gaya masa ba, yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma malamai sun ce in ya ga aibin ya ci gaba da amfani da kayan, wannan alamar ya yarda ce, zaɓinsa ya faɗi. In kuma wani sabon lahani ya same shi a hannunsa, lissafin ya canza. Ka ga dalilin da na ce ka dakata kuma kada ka buɗe. Dokar ƙasa ma a nan ta dosa: kundin dokokin farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, daga aya ta 1641, ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, ya ba mai saye damar mayarwa ko rage kuɗi, da sharaɗin kada ya ja lokaci. Akwai kuma dokar kare masu saye ta 2015. Ni ba malami ba ne ba kuma lauya ba, in abu ya kai ga hukunci su za ka nufa. Abin da na sani shi ne yadda ake ƙarewa a bakin kanti.

Allon nan da wasu ke ratayawa cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, yana da amfani a kan wanda ya sake ra'ayi kawai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: wanda ya sayi ƙaramin injin don kankare, ko ya ga mai araha a gaba, ba shi da haƙƙin dole, sai dai roƙo, kodayake an kwaɗaitar da ɗan kasuwa Musulmi ya karɓi kayan wanda ya yi nadama. Amma allo ba ya wanke wanda ya san aibi ya ɓoye.

Yanzu ka shiga rigar mai kantin ka gani. Da wuya ya zama shi ya ƙera ko shi ya shigo da shi daga waje. A Kano ya saro, ko Maraɗi, ko Yamai, kuma shi ma yana da maigidan da zai mayar wa. Kano kusan kilomita 240 ce daga nan, ga iyaka, ga canjin naira da sefa. Abin da yake lissafawa a ransa lokacin da kake magana shi ne: wannan kaya zai karɓu a sama ko asara ce a kaina? In ka kawo injin a goge, cikin kwalinsa, da makullinsa da mariƙin gefe da ƴar sandar awo da littafinsa da ledarsa, ba wanda ya buɗe shi, ka sauƙaƙa masa. In ka kawo shi tsirara, buɗu-buɗu da siminti, kusoshi a cinye, ka ce masa ya yi asarar jikka 28 don Allah, kuma ba kowa ke da wannan zuciyar ba.

Wani mai walda ya taɓa kawo mini sabon injin da ya saya kwana biyu. Ya riga ya kwance shi a shago, wani ɗan sifirin ya yi tsalle ya ɓace, ya ɗaura da waya. Da na duba, aibin masana'anta ne ƙarara, sashe guda na zoben ya ɗago yana yankar sharbo. Na bi shi kantin na yi bayani, mai kanti ya yarda da maganata, amma ya ce maigidansa ba zai karɓi abin da aka buɗe ba. Da ƙyar aka raba asarar biyu. Da ya kai shi a rufe, da musanya kawai za a yi.

Ka je gobe Laraba da hantsi, bayan gwajin. Kada ka bari sai Alhamis, ranar kasuwa ce, kanti a cike, ba mai sauraronka, kuma ɗan kasuwa ba ya son a yi maganar aibin kayansa a gaban masu saye. Ka nemi wanda ya sayar maka da hannunsa, in yaro ne ka jira maigidan. Ku gaisa sosai. Ka ja shi gefe ka ce, "Alhaji, injin nan da na saya wurinka ranar Asabar ne, na ga wani abu da ban gane ba, na ce bari in kawo ka gani da idonka kafin in taɓa shi." Kalmar cuta ko jabu kada ta fito bakinka a zuwan farko, da ka faɗe ta, ya daina kare kuɗinsa ya koma kare mutuncinsa, kuma wannan ba ya sayuwa. Ka bar shi ya jona da kansa. Ka roƙi a ɗauko wani irinsa daga kwali a kunna su gefe da gefe. Wannan shi ne gwajin da ya fi duk waɗanda na lissafa, don gani ya kori ji: in naka ya fi tartsatsi da rawa, shi da kansa zai yi shiru; in duk ɗaya suke, to haka ƙirarsu take, sai ka yanke shawara ko irin wannan ya ishe ka.

Rashin takarda ya rage maka ƙarfi, amma bai kashe maganar ba. Kwana uku ne, yana tune da fuskarka, wataƙila ya rubuta a littafinsa. In akwai wanda ya raka ka ranar, ku koma tare. In ta salula ka tura kuɗin, saƙon shaida ne. Ka tuna masa da maganar garanti a hankali, ka tambaye shi me take nufi a wurinsa, don garantin baki a kasuwarmu wani lokaci ma'anarsa "na gwada a gabanka" ce kawai, wani lokaci mako guda.

Me za ka karɓa? Musanya ta fi sauƙin samu a kan kuɗi, don kuɗin sun riga sun shiga jari. In aibin na wannan guda ne, karɓi wani, amma a buɗe a gwada shi a gabanka kamar yadda na kwatanta, ba juyin daƙiƙa biyu ba. In duk irinsu ne ba su yi maka ba, ka nemi ka yi ciko ka ɗauki wanda ya fi shi. Ƴan kasuwa suna son wannan, kuma ga mai kafa tagogi a kankare ni ma shi zan zaɓa. In ya ce zai aika sama a sake, to a rubuta: ranar da ka kawo, lambar injin, ranar da za ka dawo, da sa hannunsa, ka kuma ɗauki hoton lambar. In ya ce zai kai a gyara, ya danganta da ciwon. Kan da ke riƙe baki ko igiya ko makunni, ana sakewa injin ya koma daidai, kana iya yarda in shi zai biya. Zuciyar da ta ƙone kuwa kada ka yarda da naɗi a kan sabon kaya, ko da ni za a kawo wa. Naɗin hannu ba ya kai na masana'anta daidaito a irin wannan gudu, kuma ba don ka riƙe gyararre ka biya kuɗin sabo ba.

In ya ƙi sam, kada ka ɗaga murya. Ɗauki kayanka ka tafi, ka dawo da babban da yake jin nauyinsa: maigidan da ya koya maka aiki, ko wani dattijon layin, ko mai gyara da zai faɗi abin da ya gani ba tare da ya buɗe ba. Bayan haka akwai shugabannin ƴan kasuwa, waɗanda sasanta irin wannan aikinsu ne na kullum, sannan ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiha. Komisariya da kotu suna nan, amma ka lissafa kwanakin aikin da za ka rasa da kuɗin kabu-kabu a kan jikka 28, da kuma cewa gobe ma a layin nan za ka sayi bakuna da fenti. A abin da na gani, yawanci ba a wuce zuwan dattijo.

In kuwa gwaji ya wanke injin, ka riƙe abinka. Ka saya masa bakunan bango na kirki da ralonji mai kauri, ka riƙa hure masa ƙura bayan aiki, musamman garin ƙarfen shagonku da ke shiga ramukan iska ya manne a naɗi, ka bar masa bulo da ƙarfe da katako, ranar kankare ka yi hayar babba. Ko ya wanku ko bai wanku ba, gobe in ka je kantin ka roƙi a rubuta maka fakitir, wato takardar saye, da kwanan watan Asabar da lambar injin a jiki.